Da Ina Wurin, Da Na Gan Shi

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida. Yaya ƙafar? Inna ta ce ka daina shan maganin da likita ya rubuta, wai yana sa ka barcin rana kamar mage. Don Allah Baba ka koma kansa. Mu nan lafiya lau. Maigidana yana gaishe ka. Amaryarka ta yi giɓi, haƙora biyu na gaba sun tafi, ta ce in faɗa maka ta fasa aurenka tunda ba ka zuwa ganinta.

Na san za ka yi mamakin wasiƙa daga gare ni. Tun da kunnenka ya ƙi waya, in mun yi magana sai mu yi ta ihu kamar masu faɗa, abin da nake son tambayarka kuwa ba na ihu ba ne.

Aiki yana nan. Har yanzu ina ɗakin kotu na biyu, mai fanka ɗaya da ke kuka kamar tsohuwar ƙofa. Wurin tsayuwata tsakanin akwatin wanda ake tuhuma ne da teburin magatakarda. Ni kaɗai ce tafintar Hausa a duk ginin, don haka wata rana sai in yi shari'a biyar a tsaye, in mayar da Hausa Turanci, in mayar da Turanci Hausa, har muryata ta dishe. Kai ka raɗa mini Aku tun ina ƙarama saboda maimaita maganar manya, ga shi yau da shi nake cin abinci.

Ga tambayar. Mun yi gardama ne da wata abokiyar aikina. Mene ne ainihin bambancin mutum ya ce “If I was there” da ya ce “If I had been there”? Na tuna lokacin da kake koyarwa, kana buga alli a allo a kan “If I were you”, kana ce wa 'yan aji wannan “were” ɗin ba ta jam'i ba ce, ta abin da ba zai yiwu ba ce. Abokiyar tawa ta ce duk wannan tsohon yayi ne, masu harshen ma yanzu cakuɗa su suke yi. Abin da nake son sani shi ne, mutum mai ilimi, wanda aikinsa auna kalma ne, zai iya jin ta farkon ya fahimci wani abu dabam da ta biyun? Ko kuwa duk ɗaya ne a kunne?

Ka amsa mini da hannunka. Kada ka ba kowa ya karanta maka wannan, ka sa tabaranka ka bi a hankali.

A gaishe mini da Inna da Gwaggo. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

'Yarka,
Aku

*

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Na ji daɗi da ka koma kan maganin. Amsarka ta iso ranar Talata, shafi uku, da jan layi a ƙarƙashin misalai kamar yadda ka saba.

Ka ce ta farkon irin “idan” ce tamu, mai ita ya bar ƙofa a buɗe: mai yiwuwa yana wurin, mai yiwuwa ba ya nan. Ta biyun kuwa irin “da” ce, mai ita ya rufe ƙofa ya sa sakata: ba ya wurin, kuma ya faɗa maka ba ya wurin. Ka ce a kasuwa ba wanda zai kama ka a kan wannan, amma a gaban mai auna kalma, tsakaninsu kamar e da a'a ne. A ƙasan shafin ƙarshe ka rubuta da ƙananan haruffa: “Wace ce wannan abokiyar aikin, bayan kin ce ke kaɗai ce a ginin?”

Babu wata abokiya, Baba. Ni ce.

Wata biyu ke nan da aka gama shari'ar wani mai walda. Mutum ne wajen shekara arba'in, fararen ɗige-ɗigen ƙunar wuta duk a bayan hannuwansa, idanunsa jajaye kamar na duk masu wannan sana'a. Ba ya jin Turanci ko kalma ɗaya. An tsinci gawar mijin ƙanwarsa a bayan shagonsa da la'asar, an buge shi da rodi a ƙeya. Rodin na shagon ne. Mako guda kafin nan sun yi cacar baki a gaban jama'a, saboda mamacin ya doki ƙanwar tasa har ta yi ɓari. Wata mai shago a layin ta ce ta hango mutum mai tsayinsa yana fitowa daga bayan shagon, amma fuska ba ta gani ba. Shi kuwa tun a ofishin 'yan sanda maganarsa ɗaya ce: ya tafi wani gari cika tukunyar gas, motar da ya shigo ta lalace a hanya, bai dawo ba sai bayan magariba. Direban ba a same shi ba. Lauyan da hukuma ta ba shi saurayi ne mai ƙoƙari, amma shi ma ba ya jin Hausa. Duk abin da ya shiga tsakanin mutumin nan da kotu, ta bakina ya bi.

Ranar da ya ba da shaida, tasa ce shari'ata ta huɗu tun safe. Ban karya ba, amaryarka ta kwana da zazzaɓi, hankalina rabi yana gida. Ba don in wanke kaina nake faɗa ba, don ka ga yadda ranar take ne. Mai gabatar da ƙara ya juya shi hagu ya juya shi dama, bai sami inda zai kama ba. Can sai ya tambaye shi ko ya ga wanda ya bugi mamacin. Mai walda ya buɗe hannuwansa ya ce, “Da ina wurin, da na gan shi.”

Ni kuma na ce, “If I was there, I would see him.”

Alƙali ya rubuta. Mai gabatar da ƙara ya dube ni, ya dubi alƙali, ya ce ba shi da sauran tambaya, ya zauna. Nan take na ji fassarar ba ta zauna daidai ba, kamar ka sauko daga bene ka tsallake matakala ɗaya. Doka ta ba ni damar in ɗaga hannu in gyara. Sai na ce a raina ai duk ɗaya ne, ga kuma wata shari'ar tana jira.

A jawabinsa na ƙarshe mai gabatar da ƙara ya gina gida a kan wannan jimla. Ya ce mutumin da ya tabbata ba ya wuri ba ya cewa idan ina wurin. Ya ce da aka matsa shi, bakinsa ya kasa musun abin da zuciyarsa ta sani. Ina tsaye ina fassara wa mai walda wannan a kunne, da “idan” ɗin da bai taɓa faɗa ba. Ya juyo ya dube ni ya ce, “Malama, ni ban ce haka ba.” Na ce masa ya yi shiru, alƙali yana saurare.

A hukuncin, alƙali ya ambaci jimlar sau uku. Ya ce sauran shaidun kowanne shi kaɗai ba zai ɗauki nauyi ba, amma wanda ake tuhuma da bakinsa ya raunana iƙirarinsa na cewa yana wani gari. Ɗaurin rai da rai. Ni na faɗa masa da Hausa. Wannan kam ban yi kuskuren ko harafi ba.

Na'urar ɗaukar murya ta ɗakinmu ta fi shekara a lalace. Abin da ke rubuce kaɗai shi ne Turancina.

Ban sani ba ko shi ya yi kisan, Baba. Wallahi ban sani ba. Abin da na sani shi ne bai faɗi abin da aka ɗaure shi a kai ba. Na rubuto maka da farko ne ina fata ka ce duk ɗaya ne, in sami abin riƙewa.

Kada ka gaya wa Inna tukuna. Ka sa ni a addu'a.

'Yarka,
Aku

*

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Da fatan kun wuni lafiya kai da Inna, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Ka yafe mini jinkirin amsa. Wasiƙarka ta ƙarshe layi biyu ce, na karanta ta ya fi sau ashirin. Ka ce kai nahawu ka koya mini, wannan kuwa ba tambayar nahawu ba ce, kuma na riga na san amsarta. Na ji haushinka kwana biyu. Na so ka ba ni umarni, don in abin ya ɓaci in ce kai ka sa ni.

Na fara zuwa wurin magatakarda. Dattijo ne mai kirki, shi ya kawo ni aikin nan. Ya tashi ya rufe ƙofar ofis, ya saurare ni har ƙarshe yana juya biro a hannu. Ya ce, “'Yata, abin da ke cikin fayil shi ne abin da ya faru.” Ya ce in na yi rantsuwa cewa na yi kuskure, aikina ya ƙare, kuma duk wanda na taɓa yi wa tafinta aka ɗaure shi zai tashi ya ce shi ma ni ce. Ya ce alƙali ba yaro ba ne, ga rodi, ga faɗa, ga shaida. Ya ce in je gida in huta.

Maigidana bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce shekara shida ina wannan aiki ba a taɓa kama ni da laifi ba, saura wata huɗu a tabbatar da ni. Ya ce mutumin da ya yi faɗa da surukinsa, aka kashe surukin a shagonsa da ƙarfensa, ai ba sai an kira boka ba. Ya ce, “Ke kika aike shi?” Daga nan ya ɗauki makullin motar asibiti ya fita aiki. Mun yi mako muna gaisawa kamar maƙwabta.

Na kusa bin maganarsu. Abin da ya hana ni shi ne matar mai walda. Ta tare ni a bakin ƙofar kotu da tsakar rana, da goyo a baya, tana riƙe da wata 'yar kujerar ƙarfe. Ta ce mijinta ne ya ƙera ta kafin a kama shi, ta kawo mini ne saboda a duk ɗakin nan ni kaɗai nake dubansa kamar mutum. Ta ce ta ga ina tsaye kullum, ko zan riƙa zama a kai lokacin hutu. Ta ce, “Ke kin yi iyakar ƙoƙarinki, Malama, su ne ba su ji ba.” Na karɓa, Baba. Na ce mata na gode. Na shiga banɗakin ma'aikata da kujerar a hannu na kulle ƙofa.

Ranar Asabar na je gidan yari. Ɗakin ziyara dogo ne, da raga ta ƙarfe a tsakiya, mutane ashirin suna magana lokaci ɗaya, dole ka ɗaga murya. A haka na faɗa masa, ina ihu, kamar yadda muke yi da kai a waya. Ya rame, an aske masa kai, tari yake yi. Na yi masa bayanin “da” da “idan”. Bai buƙaci dogon bayani ba, ai harshensa ne. Sannan ya ce, “Ranar na gaya miki ban ce haka ba.” Na ce ka gaya mini. Ya ce, “Kika ce in yi shiru.” Na ce na ce.

Bai zage ni ba, bai kuma ce ya yafe ba. Ya sa yatsa yana taɓa mahaɗin ragar, inda aka yi walda, ya ce wanda ya yi wannan aikin ba gwani ba ne. Da ganduroba ya buga ƙararrawa sai ya ce, “To yanzu da kika faɗa mini, wa kuma za ki faɗa wa?”

Ranar Litinin na je wurin lauyansa. Ya dafe kai da hannu biyu, sannan ya jawo takarda. Na rubuta abin da mai walda ya faɗa, da abin da na faɗa, da abin da ya kamata in faɗa. Na yi rantsuwa na sa hannu. Na ɗauko bayaninka na buɗaɗɗiyar ƙofa da rufaffiya na sa a ciki, ina fata ba ka damu ba. Ranar Alhamis aka ba ni takardar dakatarwa. Magatakarda da kansa ya miƙo mini, bai iya haɗa ido da ni ba.

Yanzu kana iya gaya wa Inna. Ka ce mata kada ta zo, ba ciwo nake yi ba.

Ina gaida kowa da kowa.

'Yarka,
Aku

*

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kana lafiya. Na ji an ce yanzu har masallaci kake takawa ba sanda, alhamdu lillahi. A gaishe da Inna, a ce mata saƙonta ya iso. Amaryarka haƙoran sun fito, manya-manya kamar ba nata ba. Ni kuma ina koyar da Turanci a wata ƙaramar makaranta ta kusa da gida, safe zuwa azahar. Maigidana ya sauko, ko da yake har yau ba ma ta da maganar.

Ka yi ta tambaya yadda aka ƙare, ni kuma na yi ta kauce wa amsa wata da watanni. Ga shi.

Kotun ɗaukaka ƙara ta kira ni. Karo na farko ke nan da na tsaya a akwatin shaida maimakon gefensa. Lauyan gwamnati ya tambaye ni yadda aka yi na tuna jimla ɗaya daga cikin dubbai bayan wata goma. Ya tambaye ni ko iyalin mai laifi sun taɓa ba ni wani abu. Na ce kujera. Aka yi dariya a ɗakin. Ya ce in na yarda ban iya aikina ba a lokacin, me zai sa a yarda da ni yanzu? Na ce ban ce a yarda da ni a kan komai ba, a kan wannan kaɗai. Ɗaya daga cikin alƙalan, wata dattijuwa mai tabarau a kan hanci, ta sa na maimaita jimlolin biyu a hankali, ta rubuta su ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, ta daɗe tana dubansu.

Sun soke hukuncin. Sun ce tunda an jingina shi a kan maganar da ake shakkar an faɗe ta, sai a sake shari'a daga farko a gaban wani alƙali. Beli kuwa sun hana, saboda tuhumar kisa ce. Matar mai walda ta durƙusa a barandar kotu tana kuka tana godiya ga Allah. A lokacin ta riga ta san abin da na yi, ta daina gaishe ni. Ranar dai ta ɗaga kai ta dube ni, ba ta kawar da fuska ba. A makon nan kuma takardar sallamata ta fito.

Na zaci an gama, Baba. Na zaci saura a sa rana.

An sa rana. Aka kawo shi, aka kira ƙara, sabon alƙali ya tambayi tafinta. Magatakarda ya miƙe ya ce kotu ba ta da tafintar Hausa a halin yanzu, an rubuta wa hedikwata. Aka ɗage wata biyu. Da wata biyun suka cika, hedikwata ba ta amsa ba. Lauyansa ya roƙi a ɗauko wani daga waje, lauyan gwamnati ya ce bayan abin da ya faru ba zai amince da kowa ba sai wanda hukuma ta tantance ta rantsar. Ba zan ce ya yi ƙarya ba. Aka sake ɗagewa. A tsakanin nan wanda ya ba shi hayar shagon ya karɓe abinsa, matar ta sayar da injin walda ta koma gidan yayanta da yara uku. Tarin nasa kuma likitan gidan yari ya ce na huhu ne.

Jiya aka yi zama na uku. Ina zuwa duk zaman, ina zama a bencin baya tare da jama'a. An shigo da shi da ankwa, rigar ta yi masa yawa. Aka yi minti goma ana magana a kansa, lauya ya tashi, lauya ya zauna, alƙali yana duba kalandarsa. Yana tsaye a akwatin yana bin bakin kowa da ido. Wurin da nake tsayuwa a da babu kowa. Duk abin da ake faɗa ina ji, ba ni da izinin buɗe baki.

Da alƙali ya rufe fayil, ganduroba ya kama hannunsa. Sai ya tirje, ya waiwayo yana neman fuska a cikin benci har ya same ni. Ya ɗaga murya ya ce, “Malama, me suka ce?”

Na miƙe tsaye. Na ce, “Sun ce har yanzu ba a sami tafinta ba. Sun ce ka dawo bayan wata uku. Sun ce idan an samu kafin nan, za a fara.” Ɗan sandan kotu ya riga ya iso kaina yana cewa in fita. Mai walda ya ce, “‘Idan’ suka ce, ko ‘da’?” Na ce, “Idan.” Ya gyaɗa kai, ya juya ya bi ganduroba.

Alƙali ya ce kada a sake barina in shiga ɗakin. Lauyan ya ce zai nema mini izinin ziyara a gidan yari, in riƙa kai masa bayanin kowane zama. Ya ce a sami maganin tarin tukuna, shi ya fi gaggawa, gobe za mu je wurin shugaban gidan tare da matar.

Ka yi masa addu'a, Baba, kafin ka yi mini. In an yi hutun makaranta zan kawo maka amaryarka ku shirya.

Allah ya bar mana kai. Ina gaida Inna da Gwaggo da duk wanda ya tambaye ni.

'Yarka,
Aku